Batir Biyu na Kwale-kwalen Baba

Babana ya yi aikinsa duka a wani biro, wato ofis, da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Douala, yana cike takardun fitar da kaya, amma har ya yi ritaya ƙafarsa ba ta taɓa shiga kwale-kwale ba. A unguwar New Bell aka haife shi, a gidan da kakanmu ya gina bayan ya zo fataucin goro ya ga wuri ya zauna. Ya yi lekol, wato makarantar boko, ya iya Faransanci fiye da wasu da suka koyar da shi, kuma shekara da shekaru yana kallon kogin Wouri ta tagar biro, masunta na wucewa a gindin manyan jirage.

Da ya bar aiki sai ya rasa abin yi da kansa. Daga masallaci sai kujerar ƙofar gida, daga nan sai rediyo. Inna ta fara cewa yana shiga mata harkar kicin, yana tambayar abin da bai taɓa tambaya ba. A wannan lokacin ne ya yi aboki.

Abokin nan mutumin Yawuri ne, daga Najeriya, bai daɗe da zuwa Douala ba. Yana sayar da banda da busasshen kifi a Marché Dakar, yana kwana a wani ɗakin haya a unguwar Nylon. Mu da aka haifa a nan muna yi wa irinsu kallon baƙi, su kuma suna dariyar Hausarmu, wai rabi Faransanci ce. Amma Baba ya ji daɗinsa tun ranar da suka haɗu a sahun Juma'a, har ya kawo shi gida, muka riƙa ce masa Kawu. Kawu ɗan masunta ne, a cikin jirgi ya girma. Idan ya fara labarin ruwa, yadda ake gane inda giwan ruwa take kwance, yadda ake jefa birgi, ragar nan ta kamun kifi, ya buɗe kamar faifai, sai ka ga Baba ya kashe rediyo ya matso da kujera.

Ba mu san sun yi shawara ba sai da Baba ya shigo wata rana ya ce sun sayi tsohon kwale-kwalen katako a Youpwé, inda masunta ke sauke kifi. Inna ta dube shi ta ce, "Da ciwon ƙirjin naka?" Baba yana da asma tun yana saurayi, hayaƙin fetur kaɗai ya isa ya kwantar da shi. Ya ce ai ya yi wannan tunanin, ba zai sa injin fetur ba. Bayan 'yan makonni sai ga shi da wani abu mai dogon wuya a kafaɗa, farfela a ƙasa, mariƙi a sama. A wani shagon brokant ya samo shi, irin shagunan nan da ke sayar da tsofaffin kayan Turai. Ƙaramin injin jirgi ne mai aiki da batir, ba ƙara, ba hayaƙi, masu kamun kifi da fatsa ake yi wa shi don su lallaɓa ba su kori kifi ba.

Ni ce ta uku a gidan, ni kaɗai ce kuma na karanta lantarki. A ajinmu na makarantar fasaha mata ba mu cika hannu ɗaya ba. Lokacin ina aiki a wani shago a Akwa da ke sayar da kayan sola, wani lokaci ina biro, wani lokaci ina kan rufin mutane da hular kwano bisa ɗankwali. A unguwa kuwa, duk gidan da kuran, wato wutar lantarki, ya yi gardama, ni ake aiko wa yaro. Don haka Baba ya ajiye injin a gabana ya ce, "To, ga naki. Zan je wajen bakanike in samo batirin mota."

Na duba jikin injin na ga volt ashirin da huɗu yake ci. Na ce masa batir ɗaya ba zai tayar da shi ba, biyu ake so, kowanne sha biyu, a haɗa su a jere. Kuma ba na mota ba. Batirin mota an yi shi ne ya ba da ƙarfi sau ɗaya ya tayar da inji, sannan ya huta. Idan aka sa shi jan kaya na dogon lokaci, nan da nan yake sarewa. Irin na sola ake buƙata, masu jure a zuƙe su a hankali tun safe har yamma. Na ƙara da cewa dole su zama iri ɗaya, sa'o'in juna, don idan ɗaya ya gaji, ƙarfin ɗayan ba zai amfana komai ba, injin zai tsaya. Baba ya saurare ni kamar yadda yake sauraren Kawu. Ban taɓa ganin ya saurare ni haka ba.

Ranar Asabar muka yi aikin a tsakar gida. Na sa kafinta ya yi akwatin katako mai murfi da hannu biyu, batiran suka zauna ciki daram. Baba ya zauna a kujera 'yar tsugunno yana riƙe mini sifana, yana miƙo abin da na nema. Na yanke guntuwar waya mai kauri, na ɗaure bakinta ɗaya a kan batirin farko mai alamar ƙari, ɗaya bakin a kan na biyu mai alamar ragi. Kawunan batir biyu suka rage, ɗaya a nan, ɗaya a can. Baƙar wayar injin ta tafi ga mai ragi, jar ta tafi ga mai ƙari, amma sai da na ratsa ta da fiyus kusa da batirin, don idan ciyawa ta naɗe farfela, fiyus ya ƙone maimakon jirgin. Na shafe kawunan duka da giris saboda iskar gishiri ta bakin ruwa tana cin ƙarfe. Na ɗauko fenti na yi ɗigo ja da ɗigo baƙi a jikin kowane batir, yadda ko ba gilashi a idonsa ba zai ruɗe ba.

"Wannan guntuwar wayar ita ce duka sirrin?" in ji shi.

Na ce, "Ita ce. In za ka yi caji, ka fara cire ta, ka caja kowanne shi kaɗai. Cajar tamu ta sha biyu ce."

Muka cika duro da ruwa, muka tsoma ƙasan injin, na ce ya murɗa mariƙin a hankali. Bai murɗa a hankali ba. Ruwa ya tashi ya wanke masa riga, ya jiƙa shanyar Inna gaba ɗaya. Ta fito daga kicin da ludayi tana faɗa, shi kuwa yana dariya har tari ya kama shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Ranar farko ke za ki kunna shi a ruwa. Ke za ki riƙe." Inna ta ji, Kawu ma ya ji, don a lokacin ya yi sallama ya shigo.

Yayana shi ne babba a gidanmu. Yana aiki a wani kamfani a Bonanjo, yana zaune a unguwar Bali da matarsa, yana da mota. Shi ne Baba ke ambata idan dattawa suna maganar 'ya'ya a ƙofar masallaci. Bai san da maganar inji ba sai da aka gama. Ranar da za a sa shi a ruwa ya zo da motarsa ya ɗauke mu, tare da wani abokin aikinsa da ya gayyato. Na shirya tun asuba, na sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, na ɗaura ƙaramin hijabi da ba zai kama iska ba.

A Youpwé na shiga jirgin yana ɗaure, na kafa injin a baya, na ɗaure akwatin a tsakiya don nauyi ya daidaita, na haɗa wayoyin, na gwada. Farfela ta juya. Na ɗago kai sai na ga Yaya yana yi wa Baba magana ƙasa-ƙasa cikin Faransanci. Na ji abin da yake cewa. Wai jirgin ba zai ɗauki mutum biyar ba, kuma wurin nan ba na mata ba ne, ga masunta ba riga, ga masu shaye-shaye, me mutane za su ce. Kawu bai jin Faransanci, yana can yana gyara fatsa. Baba ya dubi ruwa, ya dubi takalminsa, sannan ya ce mini, "Mako mai zuwa, in sha Allahu. Yau yayanki ya zo da baƙo."

Na fito. Na tsaya a bakin gaɓa a tsakiyar mata masu sayen kifi, sun fi ƙarfin ƙirga, suna ciniki da ƙarfi, wasu tsundum cikin ruwa har gwiwa suna jan kwando daga jirage. A wurin nan da aka ce ba na mata ba. Yaya ne ya murɗa mariƙin. Jirgin ya sulale ba ko sauti, har wasu masunta suka tsaya suna kallo. Na jira suka sha kwana, sannan na tare bensikin, ɗan acaɓar garinmu, na koma gida. Da yamma Yaya ya sa hoto a rukunin danginmu na waya, shi da Baba da wani ƙaton kifi, ya rubuta a ƙasa, "Mun haɗa wa tsoho inji." Dangi suka yi ta sa masa albarka, har na Ngaoundéré.

Yaya bai sake komawa ruwa ba bayan wannan hoton. Baba da Kawu ne suka ci gaba, kusan kowane mako. Ba zan ɓoye ba, watannin nan su ne mafi daɗi da na gani a rayuwar Baba. Ya yi baƙi, ya rage tumbi, tarinsa ya yi sauƙi. Ya koyi sunayen kifi da Hausar Kawu da kuma yaren masuntan Youpwé. Yakan dawo da kifin da ake kira mashwaron ko bar, guda biyu uku, ya ce Inna ta aika wa maƙwabta. Ni ce ke caja batiran idan sun dawo, in goge kawunan, in sake shafa giris, in auna su in tabbatar suna tafiya daidai. Duk lokacin da na ce, "Baba, wannan makon fa?" sai a samu dalili. Yau ruwa ya yi ƙarfi, gobe Inna na buƙatata, jibi wani dattijon masallaci ya roƙi a tafi da shi. Daga baya na daina tambaya, shi ma ya daina kawo dalili. Ban taɓa shiga jirgin nan yana tafiya ba.

Da damina ta kankama, wurin aiki suka tura ni wani ƙauye bayan Edéa, mu sa wa wani ƙaramin asibiti sola. Aikin makonni ne. Kafin in tafi na sake nuna wa Baba yadda zai yi caji, ya yi a gabana, bai yi kuskure ba. A ƙauyen waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Wata rana da rana na hau tudun sai saƙon ƙanwata ya shigo: Baba yana asibiti, in dawo.

Na same shi kwance da robar iska a hanci, ƙirjinsa na kuka kamar ana jan zarto. Likita ya ce sanyi ne ya shige huhu, ya tarar da asma. Ɗakin cike yake da 'yan dubiya. Ina shiga sai magana ta ɗauke. Wata maƙwabciyarmu, wadda na gyara wa firij ba sau ɗaya ba, ta ce, "Sannu da hanya. Ai ƙaddara ce, kowa yana kuskure a wajen aiki." Ban gane ba sai da ƙanwata ta ja ni waje. Ta ce duk unguwa an san injin da na haɗa ne ya mutu musu a tsakiyar ruwa. Ta ce kuma Yaya ya yi wa Kawu tas a gaban jama'a a farfajiyar asibitin, ya ce masa baƙo ya zo ya ja dattijo ya kai shi halaka, kada ya sake ganin ƙafarsa a gidanmu.

Washegari na tafi Marché Dakar. Na samu Kawu a rumfarsa, hannunsa na dama rataye da ɗankwali a wuya, yana juya banda da hagu. Ya matsar mini da benci. Shi ya ba ni labarin yadda abin ya faru. Ya ce sun fita da safe, sun shiga rafukan da ke cikin matanda, itatuwan nan na bakin teku masu saiwa a waje. Tun a hanyar tafiya ya ji injin ba kamar kullum ba, amma Baba ya ce ba komai. Da suka juyo, ruwa ya fara janyewa zuwa teku, suna tafiya suna fuskantarsa. Injin ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har farfela ta tsaya. Sai ga hadari. Filafili ɗaya ne a jirgin. Kawu ya yi ta tuƙi shi kaɗai, ruwan sama na dukansu, Baba na kwalfe ruwa da yankakkiyar jarka yana rawar ɗari, igiyar ruwa kuma na ja da su baya. A nan kafaɗar Kawu ta goce. Sai wajen la'asar sakaliya wasu masunta masu babban jirgi suka gan su, suka ɗaura musu igiya suka jawo su.

"'Yata," in ji shi, "ni ban san lantarki ba. Amma akwatin nan na saba ɗaga shi da babanki. Ranar nan gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi."

Daga kasuwa na wuce Youpwé. Mai gadin jiragen ya ajiye akwatin a ƙarƙashin leda. Na ɗaga murfi. Batir ɗaya nawa ne, da ɗigon fentina a jiki. Ɗayan tsohon batirin mota ne, kawunansa sun yi fari da tsatsa, gefensa ya kumbura, an murɗa guntuwar wayar a kansa da hannu ko sifana ba a sa ba. Na san batirin. Ni na ce wa Yaya ya sauya shi a motarsa tun bara, yana ajiye a bayan ƙofar kicin ɗinsu.

Na tafi Bali ban ko wanke hannu ba. Matar Yaya ta buɗe mini, jaririyarta a kafaɗa, ba ta daɗe da haihuwa ba. An ɗauke kuran a unguwar, amma fanka na juyawa a falo. Na bi wayar da ido har ƙarƙashin tebur. Ga batirina nan, da ɗigo ja da ɗigo baƙi. Yaya ya fito daga ɗaki, ya ga inda nake kallo, fuskarsa ba ta sauya ba.

Na ce, "Yaya, ka san abin da ka yi?"

Ya ce, "Kin zo yi mini shari'a ne a gidana? Yarinyar nan kwana take kuka saboda zafi, duk jikinta ƙuraje. Aro na yi. Na sa wani a madadinsa, volt sha biyu ne shi ma, na karanta a jiki."

Na ce ai da ya kira ni, da na samo masa wani a wurin aiki. Na ce ana can ana cewa aikina ne ya kusa kashe Baba, kuma ya wulaƙanta bawan Allah da kafaɗarsa ta goce wajen ceton mahaifinmu.

"Laisse tomber," in ji shi, wato in bar maganar. "Kuma ba sata na yi ba. Baba ne ya ba ni. Je ki tambaye shi."

Ban yarda ba. Na ɗauka yana fakewa ne da mara lafiya. Na haɗiye maganar har aka sallami Baba ya dawo gida, ya fara iya zama a tabarma. Wata rana da hantsi, Inna ta tafi kasuwa, na kai masa kunu na zauna a gefensa. Na ce masa na buɗe akwatin, na ga abin da ke ciki, kuma na ga nawa a Bali.

Ya ajiye cokali. Sannan ya ce, "Na sani. Ina tsaye ya ɗauka."

Na ce, "Baba, ba na gaya maka ba a haɗa su da na mota ba?"

"Kin gaya mini. Na tuna kuma. Ya ce mini batir batir ne, ga jikata ba ta barci. Me zan ce masa? Na ce a raina fita ɗaya ce, ba za mu yi nisa ba."

"To da mutane ke cewa ni ce, a gabanka, me ya sa ba ka ce komai ba?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ke za ki iya ɗauka. Yayanki yana da iyali, yana da surukai, ana ganin girmansa. In aka ce shi ya jawo wa ubansa wannan, har abada ba zai ɗaga kai a New Bell ba. Ke kuwa maganar kwana biyu ce, za ta wuce."

Na ce, "Kawu fa?"

Ya ce Kawu mutum ne mai haƙuri, Allah zai saka masa. Ya miƙo mini kwanon, ya ce kunun ya yi sanyi.

Maganar ba ta wuce ba. Aka daina aiko mini yara in kuran ya lalace. Gidajen da na yi wa aiki kyauta shekara da shekaru suka koma kiran wani mai gyara daga Nylon. Idan na wuce ta gaban shagon tela, samari na cewa, "Injiniya, a taimaka kar a yi mana na kwale-kwale," su yi dariya. Wani dattijo ya tare ni da nasiha, wai wannan aya ce gare ni, akwai aikin da ba a yi shi don mace ba. Na gaya wa Inna gaskiyar abin, ashe ita ma ta sani tun ranar da aka ɗauki batirin. Ta ce in yi haƙuri, gida ɗaya muke.

Sau ɗaya na faɗa a fili. Ranar Babbar Sallah ce, dangi sun taru a tsakar gidanmu ana suyar nama. Wata gwaggonmu ta taso da zancen, tana cewa Allah ya kiyaye gaba, yaran yanzu da ɗan karatunsu sai ƙarfin hali. Na ajiye wuƙa na ce ba haɗina ne ya lalace ba, an cire batir ɗaya an sa mataccen na mota, kuma wanda ya cire yana zaune a nan, wanda ya ba shi izini ma yana nan. Yaya ya ci gaba da danna wayarsa. Baba ya ɗago daga kujerarsa ya ce, "Ya isa." Bai ce ƙarya na yi ba, bai ce gaskiya na faɗa ba. Kafin yamma labarin da ya zaga shi ne na yi wa yayana rashin kunya a gaban baƙi ranar Sallah, ni aka sa na je na ba shi haƙuri.

Baba ya ƙara wasu shekaru a duniya, amma ƙirjin bai koma daidai ba. Bai sake zuwa Youpwé ba. Jirgin ya zauna a laka har katakon ya ruɓe, injin kuma Yaya ya ba wani abokinsa mai gidan gona a bakin ruwa, ba a tambaye ni ba. Baba ya koma kujerar ƙofar gida da rediyonsa. Ni ce nake kai shi asibiti, ni nake tashi in ciwon ya motsa, ni na sa masa sola a ɗaki don na'urar shaƙar maganinsa kada ta tsaya in an ɗauke kuran. Yakan sa mini albarka sosai, har da hawaye a wasu lokuta. Na sha zama a gefensa ina jiran ya ce wani abu game da wancan al'amari, ko ya ce in kira masa Kawu. Yakan buɗe baki kamar zai faɗa, sai ya tambaye ni ko an yi kiran sallah.

Kawu bai sake taka gidanmu ba sai ranar da Baba ya rasu. Ya zo jana'iza, ya zauna can ƙarshen tabarma wajen takalma. Hannun nan nasa bai sake ɗaguwa sama da kafaɗa ba, da hagu ya yi wa mutane musabaha yana ba da haƙuri. Da layi ya kawo shi gaban Yaya, Yaya ya karɓi gaisuwarsa kamar yadda ya karɓi ta kowa, ya ce an gode, ya juya ga na bayansa. Na aika ƙanwata ta kai masa abinci, ta dawo ta ce ya riga ya tafi. Bayan wani lokaci na je Marché Dakar nemansa, na tarar da wani a rumfar yana sayar da albasa. Ya ce mai bandar ya tattara ya koma ƙasarsu, tuƙin baro da ɗaukar kwando sun gagare shi da hannu ɗaya.

Bayan rabon gado na bar New Bell, na kama haya kusa da wurin aikina. Ina zuwa gaida Inna ranar Juma'a. Ni da Yaya muna gaisawa, muna haɗuwa a biki da suna, 'yarsa tana zuwa wurina hutu, yarinya ce mai hankali, ba ta san komai a kan wannan ba, ni kuma ba zan gaya mata ba. Kwanan baya ya kira ni, ya gina sabon gida, yana son a sa masa sola da batira masu yawa, wai waye zai amince wa in ba 'yar'uwarsa ba. Ya yi maganar cikin fara'a, ina jin muryarsa na san ya manta, ko kuwa ya daɗe da yanke wa kansa cewa babu abin tunawa. Na ce masa aiki ya yi mini yawa. Na tura masa wani abokin aikina, na ce ya yi masa aiki mai kyau, ya kuma yi.